Ma'amul

ma'amul (suna, namiji, aro daga Larabci). Wani ɗan ƙaramin gashin alkama mai cikin dabino, wanda bai wuce loma ɗaya ko biyu ba, da mutanen ƙasashen Sham, wato Siriya da Labanan da Falasɗinu da Urdun, suke karrama baƙi da shi tare da gahawa, Musulmi a ranar Idi, Kiristoci kuma a bikinsu na Ista.

Akan cuɗa tsakin alkama mai laushi da man shanu, a rufe shi ya kwana domin man ya ratsa kowace ƙwaya, sa'an nan a kwaɓa da ruwan wardi. Amma sirrin al'amarin duka yana ga dabinon, domin idan aka cire ƙwallonsa, aka ɗora shi bisa wuta marar ƙarfi da ɗan mai da kirfa, ana juyawa cikin haƙuri har ya narke ya haɗe jikinsa, zaƙinsa yakan nuna, ya sami wani ƙamshi wanda ba ya bukatar taimakon sukari ko kaɗan. Sai a dunƙula shi cikin kwaɓin, a danna a wani mazubin katako mai sassaƙaƙƙen zane, a fitar da shi, a gasa a tanderu, a sauke tun bai yi ja ba, gama wanda ya daɗe a wuta bushewa yake yi.

Wasu sukan cika ma'amul da fustuƙu, wata ƙwaya mai kama da gyaɗa, maimakon dabino, su barbaɗa garin sukari. Alhazanmu sun san na kwali a kasuwannin Makka da Madina.

*Misali:* An tarbi malam da ma'amul da gahawa.