Saiwar Wake a Gonar Kakana

A Shanono, kakana bai taɓa shuka gero shi kaɗai ba. Yakan ratsa wake da gyaɗa tsakanin kunyoyi, bayan jakuna sun kai mangalolin toka da kashin awaki tun da rani. Haka ya gada, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tun kafin takin sufa.

Wata rana ya tumɓuke wake, ya nuna mini ƙasar da ta manne wa saiwarsa, ya ce, "Yaro, nan abincin yake." Sai da na girma na gane: saiwar tana fitar da ɗan tsami mai narkar da sinadarin fosfaras da ƙasa ta riƙe gam, har geron maƙwabta ya samu rabonsa.