Mujallar da ɗalibai suka buga da keken rubutu



A shekarar 1958 wani ɗalibi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, J.P. Clark, ya fara fitar da 'yar mujalla mai suna The Horn, da taimakon wani malaminsu Bature, Martin Banham. Ba maɗaba'a ba komai. Da keken rubutu ake bugawa, a gurza kwafi a injin. Galibi waƙoƙi ne a ciki, amma har da na Christopher Okigbo da Wole Soyinka, tun duniya ba ta gama saninsu ba. Da Clark ya sauka wasu ɗalibai suka karɓa, cikinsu har da Abiola Irele.

A shekarar dai, nan kusa da mu a Zariya, ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawa ba, sai sun haɗa da fasahar gida.

To, mu fa? Lokacin da nake sakandare ba wanda ya ce mana mu rubuta yadda kakanninmu fatake suka sauka a ƙasar Gwari, ko ƙauyukan da suka tashi saboda madatsar Shiroro da aka buɗe a 1990, ko ginin tukwane, sana'ar Ladi Kwali da ke bayan naira ashirin. Yau waya na hannun kowane ɗalibi. Dattawan da suka san labarin kuwa, duk shekara sai mun raka wasu makwancinsu.