Tubali da Siminti: Darasin Japan ga Maginan Ƙasar Hausa



Duk wanda ya bi hanya daga Jega zuwa Aliero, ko ya ratsa ta Maiyama da Jandutsi, zai lura ginin ƙasa yana ja da baya, bulo da kwano suna maye gurbinsa. Abin da nake so mu duba a wannan lacca shi ne, shin wajibi ne al'umma ta yar da fasahar kakanninta kafin ta yi ginin zamani?

Bari mu fara da Japan. A Ise akwai wurin bautarsu na katako, wanda suke sake ginawa bayan kowace shekara 20, na baya-bayan nan a 1993 da 2013. Hikimar ita ce, katako yana ruɓewa, amma sana'ar ba ta mutuwa, domin kowane kafinta yana koya wa na bayansa. Kenzo Tange (1913–2005), babban mai zanen gine-ginensu, ya yi nazarin wannan gado sosai. Da ya zana ofishin gwamnatin lardin Kagawa, wanda aka kammala a 1958, da kankare ya yi aiki, amma ya jera ginshiƙansa yadda kafintocin dā suke jera katako. Shi ne kuma, bayan gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar kafa Abuja a 1976, aka ba kamfaninsa aikin tsara tsakiyar birnin.

To, mu ma ba mu rasa irin wannan gado ba. Ganuwar Surame, babban birnin Kanta na Kabi a ƙarni na 16, shaida ce. Haka nan Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846). Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, sai dai ba ta iya ɗaukar nauyin rufi mai faɗi. Saboda haka magina suka riƙa ɗora wata bisa wata, suna ɗaurewa, suna lulluɓewa da ƙasa, har ta zama bakan gizo mai riƙe da soro. Kaurin bango yana hana zafin rana shiga ɗaki sai dare ya yi, zaure kuwa yana kare mutuncin gida. Yaɓen da ake yi kafin damina shi ne makarantar da ɗan magini yake koyon sana'ar ubansa, kamar dai yadda ake yi a Ise.

Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, siminti da kwano suka zama alamar arziki, yaɓe ya ragu, makarantar nan ta fara watsewa. Sakamakon shi ne ɗakunan da ba su kwantuwa da bazara in babu lantarki.

Amma maƙwabtanmu na Nijar sun nuna akwai mafita. Falke Barmu, maginin gargajiya, ya gina masallacin Yama a jihar Tawa da ƙasa, aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A 2018 kuma, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin.

Ba na cewa ginin ƙasa ba shi da aibi. Yana son kulawa, kuma ambaliya tana cin gindinsa. Maganin wannan shi ne harsashi na dutse da siminti, da rufi mai kare bango. Ku ma'aikata, ku ne kuke sa hannu a kan zanen makarantu da asibitoci, sai ku tambayi mai zane yadda ɗakin zai kasance a watan Afrilu. Ku kuma ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, ku nemi tsofaffin maginan garuruwanku, ku auna aikinsu, ku rubuta abin da suka sani tun suna raye. Soro in ya faɗi ana iya tayar da shi, muddin akwai wanda ya san yadda aka ɗaura azararsa.