Sufakuki da Sirrin Masu Amfani da Intanet a Nijeriya: Nazari a kan Fasahar Bin Sawu da Dokar Kare Bayanai ta 2023

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin sufakuki, wato alamomin bin sawu waɗanda ba sa goguwa ko da mai amfani da intanet ya share tarihin burauzarsa. An bibiyi ire-irensu da yadda suke aiki, sannan aka auna su da ma'aunin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023. An tattaro bayanai daga rubuce-rubucen masana kimiyyar kwamfuta da hukunce-hukuncen hukumomi da kuma nassin doka. Binciken ya gano cewa sufakuki na rusa ginshiƙin amincewa da dokar ta ginu a kansa, kuma haɗarinsa ya fi tsanani a ƙasar da aka ɗaure kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa. Maƙalar ta ba da shawarar a mayar da nauyin kariya kan hukumomin da ke Abuja maimakon a bar shi a wuyan mai waya.

Fitilun Kalmomi: sufakuki, sirri, bin sawu, amincewa, kare bayanai

1.0 Gabatarwa

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa ta waya. A yau akasarin wannan sirri ya koma cikin wayar hannu. Abin da mutum ya bincika game da rashin lafiyarsa, da bashin da yake nema, da malamin da yake saurare, duk suna ratsa burauza. Shawarar da aka saba ba jama'a ita ce su riƙa goge kukis. Manufar wannan maƙala ita ce nuna iyakar wannan shawara da kuma abin da ya rage wa doka ta yi.

2.0 Daga Kuki zuwa Sufakuki

Lou Montulli na kamfanin Netscape ne ya ƙirƙiro kuki a 1994. Ɗan guntun rubutu ne da shafin intanet ke ajiyewa a na'urar baƙo domin ya gane shi idan ya dawo. Wurin ajiyarsa sananne ne, kuma mai na'ura na iya ganinsa ya goge shi. Sufakuki kuwa ana ɓoye shi ne a inda tsintsiyar burauza ba ta kaiwa, ko kuma a liƙa shi daga wajen na'urar gaba ɗaya. Ya yi kama da shaidar wuta a jikin sa: ko an sauya masa garke, alamar na nan.

3.0 Ire-iren Sufakuki

3.1 Na Cikin Na'ura

A 2009 Ashkan Soltani da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun gano cewa fiye da rabin manyan shafuka 100 da suka duba suna amfani da ma'ajiyar manhajar Flash, kuma wasunsu na amfani da ita wajen farfaɗo da kukis ɗin da aka goge. A 2010 Samy Kamkar ya fito da evercookie, manhajar da ke rarraba lamba guda a maɓoya daban-daban, ta yadda idan ɗaya ta tsira sai ta sake gina sauran. An daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020, amma dabarar ba ta mutu ba. Masu bincike a Jami'ar Illinois da ke Chicago sun nuna a 2021 cewa hatta ɗan tambarin shafi da ke bayyana a saman burauza ana iya mayar da shi alamar bin sawu.

3.2 Na Kamfanin Sadarwa

Wannan nau'i ya fi sauran haɗari, domin ba a cikin wayar yake ba. Duk lokacin da waya ta nemi wani shafi, saƙon neman kan bi ta na'urorin kamfanin sadarwa, kuma idan saƙon ba a kulle yake ba kamfanin na iya cusa wata lamba a goshinsa kafin ya wuce. Kamfanin Verizon na Amurka ya fara yin haka a 2012, ba a fallasa shi sosai ba sai a 2014. A Janairun 2015 Jonathan Mayer ya nuna cewa kamfanin talla mai suna Turn yana amfani da wannan lamba wajen dawo da kukis ɗin da mutane suka goge. A Maris 2016 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ci Verizon tarar dala miliyan 1.35, ta kuma wajabta masa neman izinin abokan hulɗa kafin ya miƙa lambar ga wasu kamfanoni.

3.3 Zanen Yatsan Na'ura

A nan ba a ajiye komai. Shafi kan tattara siffofin na'ura, kamar girman allo da harshe da nau'in haruffa da yankin agogo, ya haɗa su su zama shaida. Gwajin da Peter Eckersley na ƙungiyar EFF ya yi a 2010 ya nuna cewa kusan kashi 84 cikin 100 na burauzojin da aka gwada suna da shaidar da ba ta yi daidai da ta kowa ba.

4.0 Yanayin Nijeriya

A Disamban 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, aikin da hukumar sadarwa ta NCC da hukumar shaidar ɗan ƙasa ta NIMC suka jagoranta daga Abuja. Mu ɗauki misalin matashin da ya sayi waya a Banex Plaza da ke Wuse. Kafin layinsa ya fara aiki sai an ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsa, an tantance lambarsa ta NIN. Daga nan layin ya ɗauru da sunansa da ranar haihuwarsa da adireshinsa. Idan wata alama ta dindindin da aka samo daga wannan layi ta riƙa bin sa daga shafi zuwa shafi, to sanannen mutum ake bi, mai suna da unguwa. Ko ya share tarihi, ko ya buɗe tagar sirri, ko ya sauya burauza, babu abin da zai canja, domin alamar na hanya ne.

Yaɗuwar tsarin HTTPS, mai kulle saƙo tsakanin waya da shafi, ya toshe wannan ƙofa ƙwarai. Haka kuma burauzar Firefox ta fito da kariya daga sufakuki a fitowarta ta 85 a Janairun 2021. Sai dai wannan kariya ta fi isa ga mai sabuwar waya. Wanda ke riƙe da tsohuwar waya ta hannu, kuma yake gudun sabunta manhaja saboda tsadar data, shi ne a buɗe.

5.0 Sufakuki a Ma'aunin Doka

Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a Janairun 2019. A ranar 12 ga Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya, NDPC, mai hedikwata a Abuja. Dokar ta lissafa alamar gane mutum a intanet cikin bayanan mutum. Ta kuma ce shiru ba amincewa ba ne, ta ba mutum damar janye amincewarsa a duk lokacin da ya so, da damar ƙin a sarrafa bayanansa domin talla. Manyan masu riƙe bayanai da suka saɓa na iya fuskantar tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Idan aka ɗora sufakuki a kan wannan ma'auni, abubuwa uku na fitowa. Na farko, ba a amincewa da abin da ba a san da shi ba. Na biyu, goge kuki janye amincewa ne a aikace, don haka farfaɗo da shi take haƙƙi ne da gangan. Na uku, mai ƙorafi ba shi da hanyar kawo hujja, tun da abin ba ya ganuwa a wayarsa. Wannan na ukun shi ne babban giɓi, domin idan aka tsaya jiran ƙorafi ba za a taɓa jin labarin ɓarnar da wanda aka yi wa bai sani ba.

Hukumomin Abuja sun nuna suna iya tunkarar manya. A Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya, FCCPC, ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 bayan binciken haɗin gwiwa da NDPC kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kuma kotun sauraren ƙararrakin gasa ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Shari'ar ba ta sufakuki ba ce, amma ta kafa misali mai amfani: hukuma ce ta fara binciken da kanta.

6.0 Shawarwari

Ya kamata NDPC ta kafa ɗakin gwaji da zai riƙa auna shafuka da manhajojin da 'yan ƙasa suka fi amfani da su, ta kuma wallafa sakamakon. NCC ta haramta cusa alamar dindindin a saƙonnin masu layi ba tare da izini bayyananne ba. A rubuta sanarwar neman amincewa da Hausa da sauran harsunan ƙasa. Sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu, irin su Jami'ar Abuja da Bayero da Ahmadu Bello, su gudanar da gwaje-gwaje a kan layukan cikin gida.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa an ƙera sufakuki ne musamman domin ya ƙetare zaɓin mai amfani da intanet, saboda haka ya ci karo da ruhi da nassin dokar 2023. Wayar da kan jama'a na da kyau, amma mutum ba zai iya kare kansa daga abin da ba ya gani ba. Wanda ya tilasta wa ɗan ƙasa ya ɗaura sunansa a layinsa, shi ne ya wajaba ya tsare masa wannan suna.