Na'urar ganin dare

na'urar ganin dare (suna, mace, jam'i: na'urorin ganin dare). Na'ura ce mai siffar tabarau ko madubin hangen nesa, wadda ke ba mutum damar gani cikin duhu ba tare da ya haska tocila ya firgita dabba ba. Iri biyu suka fi yawa. Ɗaya tana tattara ɗan hasken wata da taurari ta ninka shi sau dubbai, ta fito da hoton yawanci cikin launin kore. Ɗayar kuwa ɗumin jiki take karantawa, shi ya sa kurar da ta laɓe cikin ciyawa takan bayyana fara fat ko da babu ɗigon haske. Sojoji suka fara amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, kafin ta shiga hannun masu nazarin namun daji da masu gadin gandun daji. Masu neman halittun da kimiyya ba ta tabbatar da su ba, irin su Bigfoot da ake jita-jitarsa a dazukan arewa maso yammacin Amurka, su ma sun rungume ta, sai dai hoton ɗumi ba ya fayyace gashi ko fuska, kuma dabbar beyar idan ta miƙe tsaye daga nesa takan yi kama da ƙaton mutum.