Ɗan Aike na Takarda: Tarihin Katin Gaisuwar Kirsimeti

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, kuma zuwa da kai ya fi aike. Duk al'ummar da ta san ranar biki ta san haka, domin a ranar ce ake lissafin wanda ya zo da wanda bai zo ba. To amma akwai lokacin da ƙafa ke gazawa. Ɗa ya tafi neman abinci wani birni mai nisa, 'ya ta yi aure a wata ƙasa, ko kuma abokan hulɗa su yi wa mutum yawa har yini ba zai ishe shi zaga su ba. Irin wannan hali ne ya sa mutanen Ingila na ƙarni na 19 suka samar da ɗan aike na takarda, wato katin gaisuwar Kirsimeti. Tarihinsa daga 1843 zuwa yau cike yake da ja-in-ja tsakanin inji da hannu. Duk lokacin da inji ya rage wahalar gaisuwa, sai masu gaisuwar su nemi hanyar mayar da wani abu da zai shaida cewa sun ɗan wahala saboda wanda suke gaisarwa.

Kafin zuwan kati, gaisuwar ƙarshen shekara a Ingila ta baki ce ko ta alƙalami. Maƙwabta kan ziyarci juna, masu hali kuma su rubuta wa dangi wasiƙu. Akwai kuma wata al'ada ta 'yan makaranta da ta bazu tun ƙarni na 18. Idan hutun Kirsimeti ya gabato, sai a ba yaro babbar takarda wadda aka ƙawata gefunanta da zane-zane, aka bar tsakiyarta fili. A nan zai duƙufa ya tsara wa iyayensa gaisuwa da mafi kyawun rubutun da hannunsa zai iya, ya riƙo ta zuwa gida. Takardar gaisuwa ce, sannan shaida ce ga uba cewa kuɗin makarantar da ya biya bai faɗi ƙasa banza ba.

Wasiƙa kuwa sai mai ƙarfi. Ana lissafin kuɗinta ne bisa nisan tafiya da yawan fallayen takarda, kuma galibi wanda aka aika wa ne ke biya, har talaka kan mayar da wasiƙar ɗansa don ba shi da abin fansarta. Wani tsohon malamin makaranta mai suna Rowland Hill ne ya yi ta fafutukar a sauya wannan tsari, kuma ya yi nasara. Daga 10 ga Janairu, 1840, wasiƙa marar nauyi ta koma kwabo ɗaya zuwa ko'ina a Birtaniya, mai aikawa ne kuma zai biya. A watan Mayu na shekarar aka fito da ɗan tambarin da ake liƙawa a jikin wasiƙa, ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya. Daga wannan al'ada ta sanya kan mai mulki ne Bahaushe ya raɗa wa tambarin suna kan sarki. Cikin shekara guda, yawan wasiƙun da gidan waya ke rabawa ya ninka har ya zarce.

Cikin waɗanda suka taimaka wa Hill akwai Henry Cole, ma'aikacin gwamnati mai yawan hidima da yawan jama'a, wanda daga baya ya zama shugaban farko na gidan tarihin da yanzu ake kira Victoria and Albert a Landan. Labarin da ya shahara shi ne, arahar da ya taimaka aka samar ita ce ta juyo kansa: wasiƙun gaisuwa suka taru a gabansa, alhali ƙin amsa wasiƙa abin kunya ne a wancan zamani. A 1843 sai ya sa abokinsa mai zane, John Callcott Horsley, ya tsara masa hoto guda mai ɗauke da gajeriyar gaisuwar Kirsimeti da sabuwar shekara. Aka buga kwafi 1,000. Cole ya ɗebi na buƙatarsa, aka sayar da sauran a kan sule guda kowanne, kuɗin da ya isa a aika wasiƙa 12.

A tsakiyar hoton, iyali ne zaune a teburi, kakanni da iyaye da jikoki, sun ɗaga kofunan giya suna gaida wanda ba ya nan, wato mai karɓar katin. A gefe guda ana ciyar da mayunwata, a ɗaya gefen ana tufatar da marasa sutura. Masu yaƙi da shaye-shaye sun yi tir da shi, domin a cikin hoton ana ɗanɗana wa ƙaramin yaro giya. Abin lura ga mai tarihi shi ne, wannan kati da aka yi don a hutar da hannu bai rabu da hannu ba. Inji ya buga zanen kawai, launukan kuwa mutum ne ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. An kuma bar layi biyu fili, na sama don sunan wanda ake gaisarwa, na ƙasa don sunan mai gaisuwa. Kaɗan ne daga cikin katunan suka rage a yau, kuma a 2001 an yi gwanjon wanda Cole ya aika wa kakarsa a kan kuɗin da ya kai fam 20,000. Sa hannun jikan na cikin abin da ya ɗaga darajarsa.

Katin bai karɓu nan take ba, sai da ya yi kusan shekara ashirin yana jiran lokacinsa. A cikin waɗannan shekaru ne bikin kansa ya sauya kama, ya ƙara komawa cikin gida. A watan Disamban 1843 ɗin nan ne Charles Dickens ya fitar da littafinsa A Christmas Carol, wanda ya cusa wa masu karatu cewa ranar ta iyali ce da tausayin matalauta. A 1848 kuma jaridar Illustrated London News ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albert da 'ya'yansu kewaye da itacen Kirsimeti a fadar Windsor. Ƙawata itace al'adar Jamusawa ce, ƙasar da Albert ya fito, kuma hoton ya sa gidajen masu matsakaicin hali suka rungume ta.

Adon itacen a farko aikin gida ne. Idan dare ya yi tsawo a watan Disamba, uwa da yara kan zauna da almakashi da ƙullun fulawa, su yanka takardu masu launi su harhaɗa su kamar sarƙa, su naɗe wasu kamar mazurari su cika da alewa, su shafa wa 'ya'yan itatuwa masu ɓawo ruwan zinariya, sannan a ɗaura ƙananan kyandirori a rassa. Kyaututtukan ma da yawa daga allura da zare suke fitowa: silifa mai surfani don uba, jakar ajiye allura don goggo. Mujallun mata kan buga yadda ake yin su dalla-dalla. Ko da aka fara sayen ado a kanti, hannu bai fita ba, sai dai ya koma hannun wasu. A garin Lauscha na ƙasar Jamus, iyalai ne ke yin ƙwallayen gilashi a cikin gidajensu. Maigida na hura gilashin a bakin wuta, uwargida da yara na shafa launi da ƙarasa aikin. Tun daga 1880 ɗan kasuwar Amurka F. W. Woolworth ya shiga sayar da irin waɗannan ƙwallaye a kantunansa. Hutun wani gida, kamar yadda aka saba, gumin wani gida ne.

Abu biyu suka buɗe wa kati kasuwa. Na farko shi ne ci gaban ɗab'i mai launi, wanda ya kawar da buƙatar mai shafa launi, har kamfanoni irin su Charles Goodall da Marcus Ward suka shiga buga katuna da yawa daga shekarun 1860. Na biyu shi ne rangwamen 1870, lokacin da gidan waya ya yarda a aika kati a kan dari, wato rabin kwabo. A Amurka, wani ɗan ƙaura daga Jamus mai suna Louis Prang ya fara sayar da nasa katunan a 1875 daga maɗaba'arsa da ke Boston. Yakan bi hoto guda da allunan dutse masu yawa, kowanne da launinsa, kuma zuwa 1881 yana buga kimanin miliyan biyar a shekara. A 1880 shi da kamfanin Raphael Tuck na Landan kowanne ya sa gasar zanen kati da kyauta mai tsoka. Mafi yawan katunan wancan lokaci furanni ne da tsuntsaye da yara, hotunan addini ba su yi rinjaye ba. Da kati ya yi araha, sai iyalai suka ƙirƙiro masa sabuwar hidima: a jera shi a saman murhun falo har biki ya wuce, sannan a liƙa shi cikin kundi a adana, shekara bayan shekara.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya nuna iyakar nauyin da takarda za ta iya ɗauka. A Kirsimetin 1914, Gimbiya Mary, 'yar Sarki George na Biyar, ta jagoranci tara kuɗin da aka aika wa sojoji da 'yan akwatunan tagulla, a ciki har da katin gaisuwa. Su kuma sojojin da ke fagen daga a Faransa da Beljiyam sukan sayi katunan siliki masu surfanin furanni da tutoci, su rubuta 'yan kalmomi da fensir su aika gida. A nan ba ƙarancin lokaci ne ya hana zuwa ba. Gidaje da dama sun wayi gari wannan ɗan rubutun fensir shi ne na ƙarshe da suka gani daga hannun ɗansu, kuma shi ya sa aka riƙa gadon irin waɗannan katuna kamar dukiya.

Siffar katin da aka sani a yau, mai ninki cikin ambulan, ta kafu ne a Amurka. Joyce Hall ya sauka Kansas City a 1910 da katuna cikin kwalayen takalmi, kuma kasuwancinsa da 'yan'uwansa ne ya zama kamfanin Hallmark. A irin wannan kati, har kalmomin ma an riga an tsara, mai saye sai ya zaɓa ya sa hannu. Jama'a ba su tsaya nan ba. Wasu suka riƙa cusa hoton iyali a ciki, wasu doguwar wasiƙar labarin shekara, makarantu kuma suka ci gaba da sa yara su yanka takarda su zana wa iyayensu kati, kamar dai 'yan makarantar ƙarni na 18. Ɗaya daga cikin katunan da suka fi tasiri a ƙarni na 20 ma daga hannun yarinya ya fito. A 1947, Jitka Samkova, 'yar shekara bakwai daga ƙauyen Rudolfov a ƙasar Cekoslobakiya, ta zana yara suna rawa don gode wa hukumar UNICEF kan agajin da ta kai wa ƙauyensu bayan yaƙi. A 1949 zanen ya zama katin hukumar na farko, kuma daga nan sayar da kati ya zama hanyar tara kuɗin taimakon yara a ƙasashe masu yawa.

Duk inda gidan waya ya kai, kati ya bi shi, kuma bai tsaya a kan addini ɗaya ba. Musulmin Indiya sun mayar da shi katin Idi, a ƙasar Hausa kuma ya zama katin Barka da Sallah, wanda ɗalibai da ma'aikatan da aiki ya raba da gida suka daɗe suna aikawa. Sai dai a nan bai taɓa maye gurbin yawon Sallah da kai tuwo gidan dangi ba, ya tsaya a matsayinsa na ɗan aike.

Ranar 3 ga Disamba, 1992, shekara 149 bayan katin Cole, wani injiniya a Ingila mai suna Neil Papworth ya aika gajeren saƙon rubutu na farko zuwa wayar salula. Kalmomi biyu ne, kuma gaisuwar Kirsimeti ce. Ya tura shi ne daga kwamfuta zuwa ga wani jami'in kamfanin Vodafone, wanda wayarsa ba ta da hanyar mayar da amsa. Daga wannan rana hanyar da Cole ya buɗe ta kai ƙarshenta, domin a yau mutum kan gaida jama'a ɗari da taɓawa guda, ba kan sarki, ba ambulan, wani lokaci ma ba sunan wanda ake gaisarwa. Layi biyun nan da Horsley ya bari fili su ne suka ɓace.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, mai karɓar gaisuwa yana karanta abu biyu: kalmomin da aka rubuta, da kuma lokacin da aka ɓata a kansa. Kalmomin kusan iri ɗaya ne tun 1843. Lokacin ne ke bambanta gaisuwa da gaisuwa, kuma shi ne abin da inji ke cirewa. Shi ya sa har yau, a Ingila da Amurka inda kantuna ke cike da katuna masu ƙyalli, wanda uwa ke ɓoyewa a ƙasan akwati shi ne na ɗanta mai shekara shida, mai karkataccen rubutu da tabon gam a gefe.