Daga Jijiya Zuwa Roba: Tarihin Fiffiken Kibiya

A shagunan kayan farauta na Amurka ana sayar da wata 'yar rigar roba wadda tsawonta bai fi ɗan yatsa da kaɗan ba, an manno mata fikafikai uku tun daga masana'anta. Maharbi zai zura ta a gindin kibiya, ya tsoma cikin tafasasshen ruwa na kamar daƙiƙa 10, sai ta tsuke ta kama sandar kam. Shi ke nan, kibiya ta yi fiffike. Wannan aikin da yanzu ake gamawa kafin shayi ya huce, a da sana'a ce da ke ciyar da iyali, har wani sarki ya taɓa sa a fige tsuntsayen ƙasarsa saboda ita. Masu farauta da baka a can sun rabu biyu. Wasu na cewa rigar ta hutar da su, wasu na cewa lalaci ne aka ƙunshe a leda. Kafin mu ɗauki ɓangare, ya kamata mu bi sawun aikin mu ga inda ya faro.

Dalilin sa wa kibiya fiffike a bayyane yake. Idan ta bar tsirkiya takan yi lilo, gindinta na neman ya wuce kanta. Fiffike yana riƙe iska a baya, ya ja gindin ya dawo da shi kan layi. In an ɗan karkata shi, sai kibiyar ta riƙa juyawa tana tafiya, juyawar kuma ta shafe ƙananan karkatar da ke jikin sandar. Maharbin dawa ya fi mai harbin gasa buƙatar wannan, domin kan kibiyarsa faffaɗa ne mai kaifi, kuma faɗin nan kan kama iska kamar wani fiffiken a gaba. In na bayan bai fi ƙarfinsa ba, kibiya ta kauce.

Duk da haka akwai al'ummomin da suka yi harbi ba tare da shi ba, kuma muna cikinsu. Kibiyar ƙasar Hausa gajeriyar sandar kyauro ce da kan ƙarfe, galibi babu gashi ko ɗaya a gindinta. Nauyin ƙarfen da ke gaba shi ke jan ta ta miƙe, harbin na kusa ne, dafin kwankwani kuma shi ke ƙarasa aikin ko da raunin ƙarami ne. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda yawancinsu 'yan baka ne masu dawaki kaɗan, sun kori rundunar dawakin Gobir. Mutanen San na hamadar Kalahari su ma da dafi suka dogara. Su kuwa Hadza na Tanzaniya suna ɗaura gashin tsuntsu, har da na zabo. Inda ake son kibiya ta yi nisa, ta kuma kashe da kaifinta kaɗai, a nan ne fiffike ya zama dole.

Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun da muke da su ya fito ne daga cikin ƙanƙara. A 1991 aka tsinci gawar wani mutum a tsaunukan da ke tsakanin Italiya da Ostiriya, wanda aka sa wa suna Otzi. Ya mutu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, kuma kibiya ce aka harbe shi da ita a kafaɗar hagu. A kwarinsa akwai kibau 14, amma biyu kacal ne aka gama haɗawa. Kowacce na da gashi uku, an liƙa su da baƙin danƙon da ake samu idan an gasa ɓawon wata bishiyar ƙasashen sanyi, sannan an naɗe su da siririn zare. Masu bincike sun lura cewa naɗin ɗayar ya bi hannun dama, na ɗayar kuma irin na bahago ne. Bayan shekaru dubu biyar, zaren yana nan yana ba da labarin hannun da ya naɗa shi.

A Ingila ne aikin ya zama babbar sana'a. A 1371 masu haɗa kibau na Landan suka ware daga masu sassaƙa baka suka kafa ƙungiyarsu, kuma sunan iyalin nan Fletcher daga sana'ar ya samo asali. Bayan nasarar da 'yan bakan Ingila suka samu kan Faransa a Agincourt a 1415, Sarki Henry na Biyar ya ba da umarni a 1417 cewa a fige gashin fiffike shida daga kowace dinya, wato babbar agwagwar nan, a aika da su Landan. A shekarar da ta biyo baya gashin da aka nema ya haura miliyan ɗaya. Jirgin yaƙin Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982, ya fito da kibau sama da 3,500. Gashinsu ya ruɓe, amma an ga sawun zaren alharini da aka naɗe su da shi, da wani koren haɗi mai tsatsar tagulla da aka shafe gindin.

Waɗannan masu sana'a sun san abin da hannu ne kaɗai ke koya wa mutum. Gashin fiffiken dama da na hagu kowanne da inda yake lanƙwasawa, saboda haka ba a gauraya su a kibiya ɗaya. Maharban Japan ma sun mai da wannan ƙa'ida: sukan riƙe kibau biyu, haya da otoya, ɗaya na juyawa dama, ɗaya hagu.

Farautar baka ta zamani a Amurka kuwa ta sha daga hannun mutum ɗaya. A 1911 Ishi, wanda ya rage shi kaɗai daga ƙabilar Yahi, ya fito daga dajin Kalifoniya kusa da garin Oroville. Likitan da ke duba shi, Saxton Pope, ya zauna ya koyi yadda yake haɗa kibiya. Ishi kan tauna jijiyar barewa har ta yi laushi, ya naɗe kai da gindin gashin da ita tana jiƙe, ya bar ta ta bushe. Ya rasu a 1916, Pope kuma ya wallafa littafinsa kan farauta da baka a 1923. A 1934 jihar Wisconsin ta zama ta farko da ta ware wa masu baka lokacin farautarsu na daban.

Da maharba suka yawaita, sai masana'antu suka shigo. Doug Easton ya fara gwada sandar alminiyam a ƙarshen shekarun 1930. Henry Bitzenburger ya ƙera wani maƙalin ƙarfe da ke riƙe kibiya da gashi, yana juya ta daidai digiri 120 tsakanin fiffike da fiffike, ta yadda wanda bai taɓa koyon aikin ba zai iya jera uku cif. Kamfanin Bohning na Michigan ya kawo gam mai kama ƙarfe. Gashin talotalo ya maye gurbin na dinya. A 1969 aka ba Holless Wilbur Allen shaidar mallakar fasahar baka mai ƙananan tayoyi a kawunansa, wanda ke harba kibiya da gudun da ba a saba gani ba, sannan sandar kabon ta biyo baya. A kan irin wannan bakan, fiffiken roba ya ture gashin tsuntsu, domin ruwan sama bai dame shi ba.

Ita kuwa roba mai tsukewa daga duniyar wayoyin lantarki ta fito. Kamfanin Raychem, wanda Paul Cook ya kafa a Kalifoniya a 1957, shi ya yi suna da ita. Ana haska robar da wani tururin makamashi har ƙwayoyinta su sarƙe da juna, a ɗumama ta, a buɗa ta, a bar ta ta huce a buɗe. Duk ranar da ta sake jin zafi sai ta koma girmanta na fari. Ita ce mai gyaran lantarki ke zura wa waya ya kara mata ashana. Kamfanin New Archery Products ya manna mata fikafikai ya sa mata suna QuikFletch, wasu kamfanonin ma suka fito da nasu.

Idan muka ajiye rigar nan kusa da kibiyar Ishi, za mu ga dabara ɗaya ce. Jijiya na tsukewa in ta bushe, roba na tsukewa in ta ji zafi, kowacce kuma da matsewa take riƙe sanda. Masu yi wa rigar kallon baƙuwa sun manta cewa naɗi ya daɗe tare da kibiya fiye da gam ɗin kwalba da maƙalin ƙarfen da suke kira gargajiya, waɗanda duka 'yan ƙarni na 20 ne.

Abin da ya sauya shi ne wanda ke yanke shawara. Mai naɗa gashi da hannunsa shi ke zaɓar tsawo, da tsayi, da yawan karkata, gwargwadon nauyin kan kibiyarsa da ƙarfin bakansa. In gashi ɗaya ya yage, shi kaɗai zai sauya. Mai rigar roba ya karɓi zaɓin da wani injiniya ya yi wa dubban mutane a lokaci guda. In fiffike ɗaya ya lalace, sai ya kankare rigar gaba ɗaya. Tana ƙara nauyi a gindi, inda ba a son nauyi, kuɗinta a kan kowace kibiya ya fi na fikafikan da ake saye a warwatse, kuma ba kowane kaurin sanda take kamawa ba. Mai harbi da bakan gargajiya ma ba ta yi masa amfani sosai, domin kibiyarsa na goga jikin baka in za ta fita. Gashin tsuntsu kan kwanta ya wuce, roba kuwa sai ta yi karo ta ture kibiyar.

Amma rigar tana da ranarta. Maharbin da ke sansani a tsakiyar daji, nesa da teburin aikinsa, tukunya da wuta kawai yake buƙata ya gyara kibiya. Sabon shiga kuma ya fi samun fikafikai masu daidaito daga masana'anta a kan waɗanda zai liƙa a karkace da hannun da bai saba ba. Raina wannan sauƙin girman kai ne.

Inda muke jin tsoro shi ne sauƙin ya sa mutum ya tsallake gwaji. Wanda ya ɓata yini yana haɗa kibau 12 ba ya fita da su sai ya harba kowacce ya ga tafiyarta. Wanda ya gama cikin minti biyar yana iya ɗauka cewa masana'anta ta riga ta gwada masa, alhali ba ta san bakansa ba, ba ta san kan da ya ɗaura ba. Kuskuren kuma a jikin dabba yake sauka: kibiyar da ta kauce da faɗin tafin hannu takan bar huhu ta shiga ciki, barewa ta gudu da ita ta kwana tana wahala. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko jijiya ce a gindin kibiyar, ko alharini, ko roba, a ɗaura mata kan da za a yi farauta da shi, a harba ta daga nisan da za a yi harbin, a ga inda ta sauka kafin a sa ta a kwari.